Ngurore: Lissafin da ma'aikaci zai yi kafin ya mallaki gidansa na farko a bayan garin Yola

Duk ranar Laraba, tun kafin rana ta ɗaga, hanyar da ta tashi daga Jimeta ta nufi Numan takan cushe a daidai Ngurore. Tireloli na jiran lodin shanu zuwa Kudu, Fulani na shigowa da garke daga rugage, dillalai na kai da komo, ƙura ta turnuƙe har sai la'asar ta yi sanyi. Da wannan kasuwar aka san garin shekara da shekaru. Amma a 'yan shekarun nan akwai wani ciniki da ba ya jiran Laraba, wato cinikin fili. Masu sayensa ba makiyaya ba ne, galibinsu masu albashi ne da kuɗin haya ya koro daga tsakiyar Jimeta da cikin Yola.

Ngurore tana cikin Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu, tafiyar kimanin rabin sa'a a mota daga Jimeta idan hanya ta yi kyau. A nan hanya ta rabu biyu: ɗaya ta miƙe zuwa Numan da Gombe, ɗaya ta karkata zuwa Mayo Belwa, inda ake ɗaukar hanyar Jada da Ganye ko ta Jalingo. Garin da ke kan mararraba, yana da babbar kasuwa, kuma yana kusa da fadar jiha, ba ya daɗewa filinsa bai yi daraja ba. Mazauna Abuja sun ga yadda hakan ta faru a Mararaba da Masaka da Suleja, inda gonakin jiya suka zama unguwannin ma'aikata.

Tambayar da ke gaban ma'aikacin tarayya da aka turo Adamawa, ko ɗan jihar da ke aiki a Abuja yana tunanin inda zai koma bayan ritaya, ita ce ko arahar da ake gani a Ngurore araha ce ta gaskiya. Amsar tana cikin abubuwa huɗu: takarda, bashi, ƙasa da hanya.

Yadda Yola ta cika ta batse

Modibbo Adama ya kafa Yola a shekarar 1841. Jimeta, wadda ke bakin kogin Binuwai, ta bunƙasa ne da ciniki da harkar jiragen ruwa, daga baya ta zama matattarar ofisoshi da bankuna. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976 Yola ce ta zama babban birni, ta kuma ci gaba da riƙe wannan matsayi bayan an fitar da Adamawa a 1991.

Tarayya tana da ma'aikata masu yawa a yankin. Akwai Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei da asibitin koyarwarta da ke Yola, akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Sakatariyar Tarayya, da reshen Makarantar Horar da Lauyoyi, da Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, ga filin jirgin sama, ga barikin soja, ga jami'an kwastam da na shige da fice da na 'yan sanda. Tun da gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi a 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati da dama, nauyin neman muhalli ya koma wuyan ma'aikacin kansa.

Sai kuma rikicin Boko Haram. Lokacin da Mubi ta faɗa hannun mayaƙan a watan Oktoban 2014, dubban iyalai daga arewacin jihar da kudancin Borno suka kwararo Yola. Wasu sun zauna a sansanoni irin na Malkohi da Damare, amma mafi yawa sun shiga gidajen 'yan uwa ko suka kama haya. Da dama ba su koma ba. Buƙatar ɗaki ta ƙaru, masu gidaje suka ƙara kuɗi, gari ya riƙa miƙewa ta kowace kusurwa: ta hanyar Girei a tsallaken gada, ta hanyar Fufore, da ta hanyar Numan wadda ta ratsa Namtari ta kai Ngurore.

Takardar jauro da takardar gwamna

Yawancin filayen da ake tallatawa a bayan gari gonaki ne na gado da aka yanka fuloti-fuloti, ƙafa 50 da 100 ko ƙafa 100 da 100. Cinikin yakan kasance a gaban jauro ko mai unguwa, a rubuta yarjejeniya, shaidu su sa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa. Wannan takardar tana da amfani, domin ita ce shaidar cewa an biya kuɗi kuma mutanen gari sun san da maganar. Sai dai ba ita doka ta sani a matsayin shaidar mallaka ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi kaɗai ke bayar da izinin mallaka, wanda ake shaidawa da takardar da kowa ya sani da C of O, yawanci na tsawon shekara 99. A wajen wannan yanki, ƙaramar hukuma na iya bayar da izinin mallaka irin na gargajiya. Sashe na 22 na dokar ya ce wanda ke riƙe da izinin gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Sashe na 28 kuma ya ba gwamna ikon soke izini saboda buƙatar jama'a, kamar hanya ko makaranta, kuma diyyar da dokar ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce a kan filin.

Saboda haka tafiyar farko ta mai saye, kafin ya ba kowa ko sisi, ita ce zuwa Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo ta jiha. A can zai tambaya ko filin ya faɗa cikin yankin da aka ayyana birni, ko yana cikin wani shimfiɗaɗɗen tsarin gwamnati, ko an taɓa ba wani shi, ko an keɓe shi don wani aiki. Ma'aikatan Abuja ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan. Da yawa sun sayi filaye da takardun ƙananan hukumomin birnin tarayya, daga baya suka gane cewa minista ne kaɗai ke da ikon raba ƙasa a can.

Idan gonar gado ce, tambaya ta biyu ita ce ko an raba gadon. Babban ɗa ba ya mallakar kason ƙannensa don kawai shi ne babba, kuma mata suna da nasu kason. Mai saye ya nemi ganin takardar rabon gado daga kotu, ko kuma dukkan magada su sa hannu a gaban shaidu. Shari'o'in fili da yawa a kotunan Arewa sun samo asali ne daga magajin da ya dawo daga tafiya ya tarar an sayar da gonar mahaifinsa ba da saninsa ba.

Bayan haka sai a kawo mai safiyo mai rajista ya auna, ya kafa duwatsun iyaka, ya fitar da taswira. Lauya ya rubuta yarjejeniyar sayarwa, a biya harajin hatimi, a biya kuɗin ta banki domin a samu shaida. Wanda filinsa ke kusa da babbar hanya ya tuna cewa hanyar Yola zuwa Numan ta tarayya ce, kuma doka ta keɓe mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare. Abin da aka gina a cikin wannan tazara, ranar da aka tashi faɗaɗa hanya rusau ne makomarsa. Haka nan ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da burtali, wato hanyar da shanu ke bi, wadda a garin kasuwar dabbobi irin Ngurore ba abin wasa ba ce.

Kuɗin da ake cira a albashi kowane wata

Ma'aikacin tarayya da ya duba takardar albashinsa zai ga ana cire masa kashi 2.5 cikin 100 da sunan NHF. Wannan shi ne Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa da doka a 1992, wanda Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Wanda ya yi aƙalla wata 6 yana zubi ya cancanci neman bashi da ruwan kashi 6 cikin 100 a shekara, a biya cikin lokacin da zai iya kaiwa shekara 30. An daɗe ana tsayawa a Naira miliyan 15 a matsayin iyakar bashin, kafin a ɗaga shi zuwa miliyan 50. Ana nema ne ta hannun bankunan lamunin gidaje da aka amince da su, kuma ƙa'ida ita ce abin da mutum zai riƙa biya a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu.

Ga yadda lissafin yake. Bashin Naira miliyan 10 a kan kashi 6 na shekara 30 yana nufin biyan kimanin Naira 60,000 duk wata, kuma kafin a gama an biya kusan miliyan 21.6. Domin a cika ƙa'idar kashi ɗaya cikin uku, sai albashin mai nema ya kai Naira 180,000. Idan shekarun biya 15 ne, kuɗin wata zai tashi zuwa kimanin Naira 84,000, amma jimillar za ta sauko zuwa kusan miliyan 15.2. Bashin miliyan 5 na shekara 30 kuwa kimanin Naira 30,000 ne a wata, wanda ke buƙatar albashin Naira 90,000. Idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashi tun watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne, za a ga inda ƙananan ma'aikata suka tsaya.

Shekaru ma suna da tasiri. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne idan ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa, ban da wasu rukunoni irin malamai da alƙalai da ke da nasu tsarin. Mai shekara 45 ba zai samu wa'adin shekara 30 ba. Duk shekarar da aka jinkirta, wa'adi na raguwa, kuɗin wata na ƙaruwa.

Akwai wasu ƙofofin. Hukumar Bayar da Lamunin Gidaje ga Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya tana bayar da bashi a kan kashi 3 cikin 100, sai dai masu nema sun fi kuɗin yawa, don haka layi yana da tsawo. A watan Satumban 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta fitar da ƙa'idojin da suka ba ma'aikaci damar amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na asusun fanshonsa ba a matsayin kafin alƙalamin bashin gida, muddin ya yi zubi na wata 60 kuma saura masa fiye da shekara 3 ya yi ritaya. Wannan dama ce, amma kuɗin tsufa ake taɓawa, kuma abin da aka cira yau zai rage fanshon gobe. Ga wanda addininsa ya hana shi mu'amala da ruwa, bankuna irin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ, wanda ya biyo baya a 2019, suna da tsarin da banki ke sayen gida ya sayar wa mutum da riba sananniya, ko ya ba shi haya har ya mallaka. Bankunan kasuwanci kuwa, a lokacin da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bashinsu ya fi ƙarfin mai albashi.

A nan ne matsalar Ngurore da duk wani bayan gari take. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi yana neman takardar mallaka da za a iya jinginarwa a gaban doka. Fili mai araha yawanci takardar jauro kawai yake da ita, bashi mai araha kuma takardar gwamna yake nema. Ma'aikacin da ya sayi fili ya bar takardarsa yadda take ya rufe wa kansa ƙofar asusun da ya yi shekaru yana zuba wa kuɗi. Don haka kuɗin neman C of O da lokacin da za a ɓata ana bibiyarsa su shiga lissafi tun ranar ciniki. Tun ran gini ran zane.

Hadimai da masu muƙaman siyasa suna da nasu lissafin daban. Albashinsu na iya fin na ma'aikacin da ke mataki ɗaya da su, amma wa'adinsu na ƙarewa da na wanda ya naɗa su, wani lokacin ma kafin haka. Bashin shekara 20 a kan aikin shekara 4 kasada ce. Ga irinsu ya fi sauƙi a sayi fili da kuɗi hannu, a kammala takardu, a yi gini daidai ƙarfi, ɗaki biyu da aka rufa aka shiga ya fi katafaren kango da aka bari a linta.

Ƙasar da ke numfashi

Wanda ya je duba fili a Ngurore a watan Maris zai ga wasu wurare baƙar ƙasa ce da ta tsattsage, har mutum na iya zura hannu a tsagar. Manoma suna son ta, domin tana riƙe danshi, a kanta ake dasa masakwa bayan ruwa ya ɗauke. Fulani na kiran irin wannan fili karal. Ga magini kuwa labari ne daban. Wannan laka takan kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan ta bushe, kuma duk shekara tana ɗaga harsashi tana saukewa. Gidan da aka yi wa harsashi irin na ƙasa mai yashi ba ya daɗewa bangonsa bai tsage ba, ƙofofi su ƙi rufuwa, daɓe ya fashe. Injiniyoyin hanya sun daɗe suna fama da irin wannan ƙasa tsakanin Yola da Numan.

Ana iya gini a kanta, amma da tsada: a haƙa har a wuce lakar, ko a kwashe ta a cike da jar ƙasa, ko a zuba harsashi na shimfiɗa da rodi mai yawa. A lokacin da buhun siminti ya taɓa haura Naira 10,000 a farkon 2024, bambancin harsashi kaɗai na iya cinye duk rangwamen da aka samu a farashin fili. Ba duk Ngurore ce haka ba, akwai tudu mai ƙasa mai ƙarfi, shi ya sa fuloti biyu masu girma ɗaya ke iya bambanta a farashi. Kuɗin da za a ba injiniya ya duba ƙasar kafin ciniki bai kai na gyaran bango ɗaya ba.

Sai ruwa. Yankin yana cikin kwarin Binuwai, kuma Mayo Ine na ratsa shi kafin ya shiga babban kogin. A 2012 da 2022, ruwan sama mai yawa da sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru sun mamaye garuruwan da ke gaɓar Binuwai a Adamawa. Madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana maganar ginawa a yankin Fufore domin tare wannan ruwa har yau ba ta tabbata ba. A ƙarshen watan Yulin 2025 kuma ambaliya ta afka wa unguwanni a Yola ta Kudu, ciki har da Shagari da Sabon Pegi da Yolde Pate, mutum fiye da 20 suka rasu. Unguwar Shagari rukunin gidaje ne masu sauƙin kuɗi da suka samo asali daga shirin gidajen gwamnatin Shehu Shagari, abin da ke nuna cewa ko shimfiɗaɗɗen tsarin gwamnati bai isa kariya ba idan magudanan ruwa suka toshe ko aka yi gini a kan hanyarsa.

Dillalai sun fi son nuna fili da rani. Mai saye ya koma a watan Agusta ko Satumba, washegarin ruwa mai ƙarfi, ya ga inda ruwa ya kwanta da inda ya bi. Ya dubi bangon gidajen maƙwabta ko akwai alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa, ya tambayi dattawan unguwa abin da ya faru a 2012. Gani ya kori ji.

Kuɗin hanya da na zama

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, nisa ya zama kuɗi. A ɗauka, a matsayin misali, ma'aikaci zai kashe Naira 2,000 kullum a zuwa Jimeta da dawowa. A kwana 22 na aiki Naira 44,000 ke nan, a shekara Naira 528,000. Idan matarsa ma tana aiki a gari, yara kuma suna makaranta a can, sai a ninka. Kowa ya sa farashin da ya tarar a tasha a wannan lissafi, sannan ya kwatanta da hayar da yake biya yanzu. Wanda ofishinsa ke wajen filin jirgin sama ko ta ɓangaren hanyar Numan lissafin zai yi masa sauƙi. Wanda ke aiki a jami'a a Girei sai ya ratsa Jimeta gaba ɗaya ya haye gada, safe da yamma. Ranar Laraba kuma a ƙara lokaci saboda cunkoson kasuwa.

Sabuwar unguwa takan riga ababen more rayuwa zuwa. Mai gida na iya samun kansa yana haɗa kuɗi da maƙwabta don sayen turakun wuta da taransifoma kafin kamfanin rarraba lantarki na Yola ya haɗa su, ko ya haƙa rijiyar burtsatse, ko ya sayi ruwa a wurin 'yan garuwa. A yankin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, wuta da ruwa ba abin jinkirtawa ba ne, kuma da yawa sun koma ga sola. Gidan da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar gonaki yana da matsalar tsaro da wanda ke cikin jama'a ba shi da ita. Shi ya sa ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata ke da amfani: idan mutum ashirin daga ofis ɗaya suka sayi fili a haɗe, safiyo ɗaya za a yi, lauya ɗaya, neman takarda ɗaya, kuma za su tare da maƙwabtan da suka sani.

A ɗaya ɓangaren, Ngurore tana da abin da unguwannin kwana kawai ba su da shi. Gari ne mai tattalin arzikinsa, abinci da nama da nono sun fi sauƙi, akwai sararin kiwo da ɗan lambu, kuma mai ritaya na iya samun abin yi a harkar hatsi ko dabbobi. Wanda zai bar Abuja ya bar gidan a hannun ɗan uwa kafin ya dawo ya sani cewa filin da aka bari babu katanga, babu mai leƙawa, shi ne wanda ake sayarwa sau biyu. Ko da bulo layi uku ne a kewaye shi, a kuma ba wani amintacce ya noma shi da yarjejeniya a rubuce.

Kafin a tura wa dillali kafin alƙalami, ma'aikaci ya zauna da takarda da biro ya haɗa farashin fili, da la'ada, da kuɗin safiyo da lauya, da na C of O, da izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha, da ƙarin kuɗin harsashi idan ƙasar laka ce, da ruwa da wuta, da kuɗin mota na shekara biyar. Idan jimillar ta fi sauƙi a kan haya a Jimeta ko fili mai takarda a kusa da gari, kuma ya ga wurin da idonsa a tsakiyar damina, to ya saya. Idan ba ta fi ba, ya ci gaba da tara kuɗinsa, ya duba wani fulotin a tudu.